Hannun da Ɗan Indiya Ya Miƙo Mini

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma ko na so in manta, mutanen Haɗejiya ba za su bari ba. Garinmu ya fi saurin yafe wa ɓarawo a kan wanda ya ba da dariya.

Shekarar da ruwa ya cinye mini shinkafa ce. Ambaliya ta zo ana gab da yanka, ta kwanta a kan fadamar har kaka ta wuce, da ta janye kuma ciyawar kacalla ta gaje wurin. Ga iyali, ga shekaru sun ja, ga karatu na tsaya a aji biyu na sakandare (ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, amma ku bar wannan maganar). Abu ɗaya ya rage da ake ganin girmana a kansa, shi ne dara. A gindin tsamiyar da ke bayan kasuwar kifi, ba mai zama gabana ya tashi da 'ya'yansa. Daga Miga ana zuwa, daga Birniwa ana zuwa, in tara musu karansu a gefen ƙafata ina yi musu baƙar magana.

Ana nan sai Alhaji Modu ya aiko a kira ni. Tare muka yi firamare, ni nake yi masa lissafi, yau shi ne mai mota da ƙungiyar matasa. Ya ce ƙungiyarsu ta shirya gasar darar Turawa, wadda ake kira ces, kuma ranar rufewa wani babban gwani zai zo daga Indiya ya kara da mutane da yawa a lokaci guda. Bayan nan za a ɗauki mutum ɗaya ya riƙa koya wa yara, da albashi duk wata. Ya ce ya ba da sunana, amma 'yan kwamiti suna so su ga wasana da idonsu.

"Ba cewa na yi ka ci shi ba, mutumina," in ji shi. "Ba mai cin sa. Ka zauna da natsuwa kawai, su ga kana da kan wasa."

Na ce masa dara dara ce, ko ta wace ƙasa.

A wayar maƙwabcina na koyi tafiyar 'ya'yan. Soja gaba yake yi, doki tsalle, ganuwa miƙe, waziri kuma duk inda ya so, shi ne mai ƙarfin allon. An kuma faɗa cewa wasa yana ƙarewa ne in an tsare sarki ya rasa mafita. Wannan na ji shi da kunne, amma bai sauka hannuna ba. Hannun da ya tsufa a dara abu ɗaya ya sani: ka ci, ka tara, wanda 'ya'yansa suka ƙare ya tashi ya kaɗe wando. Wani abu kuma da na lura da shi a bidiyon manyan gwanayen, in mutum ya ga an gama da shi, shi yake fara miƙa hannu.

Ranar ta zo. Ɗakin taron wata makaranta ne, an jera tebura zagaye, kowa da allonsa, wuri tsit kamar ana jiran gawa. Mutanena na gindin tsamiya ba a bar su sun shiga ba, sai suka cika tagogi, Ɗan'azumi mai kifi a gabansu.

Mai gabatarwa ya tashi yana karanto tarihin baƙon. Wai tun bai iya ɗaura wando ba yake wasan. Wai ya bar gida yana yaro, daga wannan ƙasa zuwa waccan, yana wuni a gaban allo kamar mai tilawa, har ya kai matsayin da suke kira giranmasta, wanda ba a ba mutum sai ya sha karawa da manya ya tsira. Wai yana iya wasa da ido a ɗaure. Na dube shi. Siririn saurayi, da tabarau, wuyansa kamar na zalɓe, ko buhun taki ba zai ɗaga ba. Na ce a raina, wannan duniya ta ba jirgin sama, ni ta ba ni kacalla.

Aka fara. Yana zagayawa, in ya iso gabanka sai ka yi tafiyarka, shi kuma ya yi tasa ya wuce, ko zama ba ya yi. Kafin a jima mutane suka fara zubewa. Malamin makaranta daga Jahun da ke kusa da ni, wanda ya zo da littafi ƙarƙashin hammata, shi ya fara tashi, ya koma gefe yana share gumi.

Ni kuwa ci nake yi. Ya bar soja a fili, na ɗauke. Ya bar wani, na ɗauke. Da ya bar ganuwa guda na kai hannu na buga ta a kan tebur yadda muke yi a ƙasa, har alƙalin wasa ya ɗora yatsa a baki. Na jera abin da na ci a gefena, na juya su yadda na taga za su gani. Ɗan'azumi yana ɗaga mini babban yatsa. Na hango Alhaji Modu yana magana da 'yan kwamiti suna duban teburina, na ce shi ke nan, albashi ya zauna (har na fara tunanin buhun masarar da zan fara saya).

Sarkina yana can kusurwa, na kewaye shi da sojoji, ban ko ƙara waiwayarsa ba. Sai yaron nan ya ɗauki wazirinsa sukutum ya ajiye a jikin sarkina, daidai bakin ganuwata. Ya wuce. Na zauna ina kallon abin. Da ya zagayo na sa ganuwa na ɗauke wazirin. Bai yi ko jim ba, ya tsallakar da doki ɗaya, ya yi ɗan murmushi, ya miƙo mini hannu.

Ya miƙo hannu. Shi ya fara.

Ban san lokacin da na miƙe ba, kujera ta kife. Na ɗaga wazirin sama, na saki murya a ɗakin da ko tari ba a yi:

"Sai ni kada, mai kwana a zurfi! Wanda ya zo ta sama zai koma ta ƙasa! Ku gaya wa Indiya Haɗejiya ba ta haifi rago ba!"

Tagogi suka ɗauka da ihu. Wani ya ruga kasuwa ya kai labari. A cikin ɗakin kuwa ba wanda ya tafa, sai wayoyi da aka ɗaga. Baƙon yana tsaye, hannunsa har yanzu a miƙe, yana duban alƙali.

Alhaji Modu ya tako a hankali ya tsaya a kafaɗata. Bai ɗaga murya ba.

"Zauna. An kashe ka."

Na ce wa aka kashe, ga 'ya'yansa a gabana?

"To matsar da sarkinka mu gani."

Na ɗaga sarkin. Gefensa ganuwata ce, wadda na ci wazirin da ita. Gabansa sojojina ne. Dokin yana kansa, ba kuma abin da zai taɓa dokin. Na tsaya riƙe da guntun katako ina neman gidan da zan ajiye shi, jama'a na kallo, babu. Duk abin da na tara, ba ni aka yi, kamar yadda ake zuba wa tarwaɗa tsutsa. Da na gane, sai na mayar da sarkin inda na ɗauko shi. Baƙon ya faɗi wata magana da Turanci, aka ce wai yana yabon ƙarfin zuciyata. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aikin, malamin Jahun aka ba. Wanda ya riga kowa faɗuwa. Alhaji Modu ya ce 'yan kwamiti sun ce gara wanda ya san an ci shi. Tun daga ranar in mun haɗu a masallaci gaisuwa ce kawai.

Ni kuma na shiga ayarin masu yankan kacalla a bakin kogi, ruwa iya ƙugu, ana biyanmu da yini. Bidiyon ya kai har Kano. Yara in sun gan ni sai su ɗaga dutse sama su ce sai ni kada. Gindin tsamiya ma na daina zuwa, don duk wanda na ci sai ya miƙo mini hannu yana tambaya ko zan tashi in yi kirari.

Abin da na koya ba shi da yawa. In wanda ya fi ka ya fara yi maka kyauta, ka waiwaya ka duba gidanka. In kuma ya miƙo maka hannu, ka karɓa ka yi shiru, ka bari wani ya gaya maka wanda aka yi wa ta'aziyya.