Yadda Za Ka Yi Waƙar Mutuwar Matarka Tana Raye

Idan ka bi matakan nan shida yadda na tsara su, na yi maka alkawari kafin Lahadi duk garinku an san muryarka. Shekara ashirin ina gyaran jitar kiɗa a wannan kwari namu na Kentucky a Amurka, babu irin mawaƙin ƙauyen da bai zauna a bencina ya kai ƙarar duniya ba. Misalina shi ne Orvel Tackett, wanda ya gwada hanyar da kansa, kuma har yau yana numfashi.

Mataki na 1: Ka daina waƙar jin daɗi

Ba wanda zai ajiye aikinsa ya saurari mutumin da komai ke tafiya masa daidai. Orvel ya shekara talatin da ɗaya da matarsa Lorene ba a taɓa jin kansu ba, saboda haka waƙoƙinsa sha ɗaya duk a kan tumatirin bayan gida ne da wani tsohon kare. Ya sa su a intanet. Sau tara aka saurara, huɗu daga ciki shi ne.

Mataki na 2: Ka zaɓi yadda za ka rasa ta

Hanya biyu ce, ko ta gudu ko ta mutu. Orvel ya fara gwada gudun, wai ta bi direban tirela, sai ya tuna kowa ya san Lorene ko motar coci ta shiga sai ta yi amai. Sai ya sa ciwon farat ɗaya ya ɗauke ta a baƙon gari, a baiti na uku.

Kada ka sa sunanta na gaskiya. Orvel ya sa, wai shi ne ya zauna daidai a ƙarshen layi.

Mataki na 3: Ka ɗauki muryar a durowar kayanta

Tufafi suna shanye amsa-kuwwa, duk mawaƙin da ba shi da situdiyo ya san wannan. Ka jira ta yi tafiya. Lorene ta tafi Ohio jinyar ƙanwarta cikin gaggawa, ba ta yi sallama da kowa ba. Orvel ya cusa kansa tsakanin rigunanta da jita da waya, yana rera cewa ba abin da ya rage masa sai ƙanshinta, ƙanshin kuwa sai sa shi atishawa yake yi. A ɗauka ta bakwai ya fashe da kuka na gaske, shi kansa bai san daga ina ya zo ba.

Mataki na 4: Ka saki waƙar, ka kashe waya

Bayani yana rage wa waƙa kwarjini. "Don Lorene" kawai ya rubuta a ƙasa, ya tafi kamun kifi kwana biyu inda ba sabis.

Mataki na 5: Ka karɓi abincin gaisuwa

Ka san mu, ba ma zuwa gidan rasuwa hannu rabbana. Da ya dawo ya tarar da baranda cike da tire-tire, taliya da cuku, soyayyar kaza, kowanne da sunan mai shi manne a ƙasa. Wilma Caudill, shugabar matan coci, tana tsaye ido jajir.

"Ɗan'uwa Orvel, sannu, sannu. Ashe haka abu ya faru, ka ƙi gaya wa kowa?"

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ta riƙe hannunsa.

"Waƙar nan sau goma na ji ta. Tun da na binne mijina ban yi kuka irin wannan ba. Ashe haka kake da baiwa muna zaune da kai?"

Nan ake gane gwani: ka rufe bakinka. Tun yana saurayi Orvel yake jiran wani ya gaya masa haka. Ya sunkuyar da kai ya karɓi tire. Na tausaya masa, amma laifi dai ya yi shi.

Mataki na 6: Ka shirya wa dawowar marigayiya

Ranar Juma'a da hantsi Lorene ta shigo da jakarta, ta tarar da mata biyar a kicin ɗinta. Wata ta saki tiren taliya, wata ta kira sunan Yesu ta bi ta ƙofar baya.

"Orvel Dean Tackett!" Idan an kira ka da suna uku kada ka gudu, ba inda za ka. "Wa ya mutu?"

"Ke ce, 'yar'uwa," in ji Wilma.

Da aka gaya mata labarin waƙar, Lorene ta ce a kunna mata. A tsaye ta saurara: yadda take ɗumama masa kofi da ruwan zafi lokacin sanyi kafin ta zuba gahawa, yadda take waƙa ba kan gado idan tana shanya. Orvel ya ga fushin ya bar fuskarta, wani abu ya maye gurbinsa, sai tsoro ya kama shi sosai, don har yanzu jakar tana hannunta.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji ta, "ban san ka lura da kofin nan ba. Tumatir ka yi wa waƙa, kare ka yi wa waƙa. Ni sai da ka kashe ni?"

"In kina kallona, Lorene, bakin ba ya buɗuwa."

Ta sallami matan, kowa da tirenta. Ta jawo kujera, ta miƙa masa jitar.

"To ga ni. Cire baiti na uku, ka faɗa mini sauran ina kallonka. In ka kasa, ban kwance jakata ba tukuna."

Ya rera. Muryar ta sarƙe sau biyu, yatsun suka ɓata kiɗan, ba waya ba mai ɗauka. Ta taga na ji, don ni ma da kwanon wake na zo gaisuwa. Bai taɓa rera waƙa da muni haka ba, da ya gama kuwa Lorene ta ajiye jakar ta ce ya sake rerawa.

Gargaɗi

Babu hannuna a duk abin da zai same ka in ka gwada, ko kwana a mota ne ko harara a coci. Orvel ya tsira ne don komai na waƙarsa gaskiya ne, ban da mutuwar. Idan kai ba ka san abin da matarka take yi da kofinka ba, ajiye jitar, ka shiga kicin ka duba.