Fentin Kamfani a Bakin Burtali

Duk wanda ya zauna a kudancin kogin Kaduna cikin shekarar 1986 amma bai san Mista Nicholas ba, to ba zama ya yi ba, wucewa ya yi. Allah ya zuba masu ilimi a garin nan, ga likitoci, ga lauyoyi, ga injiniyoyin da ke ta da injin masaƙa in ya mutu. Amma ilimin fentin mota kam mutum ɗaya aka ba, aka rufe ƙofa. A wata masaƙa da ke Kakuri yake aiki, muƙaminsa mataimakin mai riƙe makullin sito. Shi dai wannan dogon suna bai yi masa ba, ya fi son a ce masa Manaja, kuma tunda faɗar hakan ba ta rage wa kowa komai, sai ake ce masa. A bayan idonsa kuwa, daga Makera har bakin gada, sunansa Fentin Kamfani.

Motarsa ce ta jawo masa sunan, wata Fijo fara sol da ya shigo da ita unguwa shekara biyu da suka wuce. Ranar Lahadi in an taso daga coci, ba ya wucewa gida kamar sauran bayin Allah. Tsayawa yake a gefenta, ya zaro farin hankici, ya jira jama'a su taru. Ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, amsar a shirye take.

"Wannan da kuke gani fentin kamfani ne, orijinal. Tun da ta fito daga hannun Turawa ba a taɓa fesa mata komai ba. Ku ɗan ja da baya, don Allah. Numfashin mutum ma yana dusashe fenti."

Daga nan sai karatu ya ɓarke. Kada a ajiye mota a gindin mangwaro. Kada a wanke ta da rana tsaka. Kada mace mai awarwaro ta buɗe ƙofa da kanta. Kada a yi dariya kusa da bonet, saboda yawu. Mutane sukan gyaɗa kai, har da waɗanda ko keke ba su da shi, domin karatun kyauta ne kuma akwai inuwa a wurin.

Mutum ɗaya ne ba ya zuwa ɗaukar wannan darasi, Malam Lawal mai fentin mota, maƙwabcinsa a Makera. Lawal ya san motar tun kafin mai ita ya san ta, kuma duk lokacin da ya ji an ce "fentin kamfani" sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Sau ɗaya tak ya taɓa sa baki.

"Oga, ruwa da tsumma mai laushi sun ishe ta. Kada ka sa mata abu mai kaifi, fatarta ba ta da kauri."

Mista Nicholas ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wa na kusa da shi, "Ku ji fa. Mai fentin akori-kura zai koya mini riƙon mota."

Gaskiya kuwa ba a koya wa gwani, domin gwanin yana da haɗinsa na sirri a cikin wani gwangwanin madara: man gyaɗa, dakakkiyar kanwa, da gishiri. A lissafinsa kanwa ta ci datti, gishiri ya kashe tsatsa, mai ya kawo ƙyalli. Ya sa masa suna Haɗin Jamus, ko da yake duk kayan daga kicin ɗin matarsa Eunice suke fitowa. Baiwar Allah ta sha ɗora miyar kuka ta nemi kanwa ta rasa. Motar kam tana ƙyalli, ba a musu. Da rana har sai ka kare ido, da yamma kuma ƙudaje su zo su taya ta murna.

Wata rana ya wayi gari ya ce Makera ba ta dace da motarsa ba. Hayaƙin masana'antu yana sauka a kanta, yara suna rubuta sunayensu da yatsa a jikin gilas, akuya ta taɓa hawa bonet, wata maƙwabciya ma ta taɓa shanya kuɓewa a kan rufin. Akwai kuma murmushin Lawal, amma wannan bai sa shi cikin dalilan da ya lissafa ba.

Kowa a Kaduna ya san yadda ake neman gida. Ka je ka gan shi da rani, ka koma da damina, ka tsaya wajen mai ƙosan bakin layi ka saya na ɗan wani abu, ita za ta gaya maka abin da mai gida ba zai faɗa ba. Mista Nicholas ya fi ƙarfin wannan. Shi da tef ɗin awo ya fita. Tudun Wada ta faɗi jarrabawa saboda lungunanta sun matse. Unguwar Sanusi ta faɗi saboda masu keke da 'yan tura. Kakau kuwa manyan motoci suna watso tsakuwa. Eunice tana biye da shi tana tambayar ko akwai famfo, ko akwai makarantar yara kusa.

"Madam," in ji shi, "yara suna da ƙafa. Fenti ne ba ya iya gudu."

A can ƙarshen Narayi, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, nan ya samu abin da yake nema cikin watan Fabrairu. Gida ne ciki biyu da falo, ba famfo, ba wuta. Ƙofarsa ma mota ba ta shiga. Amma a gabansa akwai wata hanya mai faɗi, miƙaƙƙiya daga kudu zuwa arewa, an yi mata shinge hagu da dama, ba yaro, ba akuya, ba mai shanya kuɓewa. Mista Nicholas ya auna faɗinta, idonsa ya kawo ruwa don daɗi.

Mai gidan, wani dattijon manomi da ake kira Baba Tanko, mutum ne mai tsoron Allah. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, kafin ka shiga, bari in gaya maka abin da ke bin hanyar nan."

"Baba, huta. Ni da nake zama da manya a ofis? Wannan titi ne mai hannu biyu gwamnati ta yanka. Kwalta kawai ake jira."

Eunice ta zunguri wani busasshen abu da takalminta, ta ce ita dai kashin shanu take gani tun daga can har can. Ya ce taki ne ya zube wa manoma. Ta ce a ƙalla su tambayi maƙwabta. Ya gyara wuyan riga ya ce, "A garin nan ni ake tambaya." Baba Tanko ya miƙa makulli, ya koma gindin bishiyarsa.

Suka tare. Eunice ta shiga jan ruwa a rijiya, yara suka shiga taka sayyada zuwa makaranta, mota ta kwanta a tsakiyar titin gwamnati cikin rufin tamfol, ba mai damun ta. Wata biyu cur Mista Nicholas yana ba da sabon darasi a harabar coci, mai taken yadda mai hankali ke zaɓen unguwa.

Ana nan sai bikin Scholastica ya taso, autar su Eunice, aka sa shi Asabar ɗin bayan Ista. Da dangi suka zauna shirin biki, wani abokin ango ya yi tayin motarsa don ɗaukar amarya. Mista Nicholas ya miƙe tsaye, ransa a ɓace.

"Ina raye za a sa ƙanwar matata a motar da aka yi wa fenti sau biyu? Farar amarya, farar mota. Duk wanda ke shakkar Haɗin Jamus ya zo ranar ya buɗe idonsa."

Eunice ta ji daɗin wannan har zuciyarta, domin ta daɗe tana yi wa tsohuwarsu alkawarin cewa auta a farar mota za ta shiga coci. Shi kuma gogan ya bi gida gida yana gayyatar mutane, ba don su ga amarya ba.

Ranar Asabar da sassafe ya yaye tamfol. Tunda rana ce ta musamman, sai ya ninka komai: kanwa ninki biyu, gishiri ninki biyu, mai har yana ɗiga. Ya lafta mata tun daga hanci har wutsiya, ya ce a bar ta ta sha na awa guda, kada wanda ya kusance ta. Ya shiga ciki ya ƙure rediyo, ya hau gugar kwat.

To, a makon nan an yi ruwan farko. Kuma hanyar da Mista Nicholas ya auna da tef, sunanta burtali. Nan shanu ke bi su gangara kudu in rani ya shigo, nan kuma suke bi su koma arewa in ciyawa ta fara tsirowa, tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera Fijo.

Da hantsi garken ya iso, shanu sun fi ɗari biyu. Ta gaba, wata farar saniya mai dogon ƙaho, ta tsaya ta shinshina, ta miƙa harshe ta lasa. Ko minti ɗaya ba a yi ba labari ya kai har ƙarshen garke. Wanda bai san harshen saniya ba ya je ya taɓa dutsen wasa wuƙa. Ga shi kanwar shekara biyu ta riga ta jiƙa fentin ya yi laushi. Na gaba suna lasa, na baya suna turo ƙaho suna neman wuri.

Kukan shanu ne ya rinjayi rediyon. Mista Nicholas ya fito da singileti da tawul, dutsen guga a hannu, ya ga bayan shanu kawai inda ya bar mota. Ya yi tsawa da Hausa, ya yi da Turanci, ba wadda ta ɗago. Makiyayin, wani dattijo mai malfa, ya sha fama da sanda kafin ya samu ya kore su. Sannan ya matso ya gaishe shi da ladabi.

"Maigida, Allah ya saka da alheri. Tun daga Kachia ba su ga kanwa ba. Shekara talatin ina bin burtalin nan, ba a taɓa ajiye mana ba sai yau."

Garke ya wuce, mota ta bayyana. Farin ya tafi, sai ɗan abin da ya rage a rufi inda harshe bai kai ba. A madadinsa ga rawaya shar, ga koren layi ya zagaye ta daga gaba har baya, ga lamba ɓaro-ɓaro a jikin ƙofar direba. Ko jaririn Kaduna ya san wannan launi. Taksi ce, kuma daga ganin lotsawar da ke ƙofofinta ta daɗe tana aikin.

Matan da suka zo ɗaura wa mota kintinkiri suka yi cirko-cirko. Eunice ta zagaya ta sau ɗaya a hankali, ta tsaya gaban mijinta.

"Baban Juliana, ashe kamfanin naka har taksi yake sawa a ciki?"

Babban mutum ba ya rasa bayani. Ya gyara ɗaurin tawul ya ce, "Wannan shi ake kira shimfiɗar fenti. Turawa suna sa shi a ƙasa saboda tsatsa."

"Har da lamba?" in ji Baba Tanko daga gindin bishiya.

Ana cikin haka sai ga Lawal a 'yar tsohuwar motarsa mai bayan kunkuru, ya zo ɗaukar tukwanen shinkafar biki kamar yadda Eunice ta roƙe shi. Motar shuɗiya ce, ta kai shekara goma sha biyar, ba ta san komai ba sai ruwa da tsumma, amma kana iya gyara hula a jikinta. Ya fito ya dubi Fijo, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Oga, ai na gaya maka fatarta ba kauri. Shafi ɗaya ka ce in yi mata."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sai da aka juya baya. Eunice kuwa idonta ya yi ja, don ta san yau sai ta tsaya gaban tsohuwarsu ta yi bayani. Ta kwashi kintinkiri ta ɗaura a motar Lawal, ta shige gaba, suka tafi ɗauko amarya. Tukwanen shinkafa kuwa aka loda su a but ɗin Fijo, tunda ta saba da kaya.

Haka Manaja ya fito cikin baƙar kwat da lakataye, yana tuƙi a hankali, ya dafe gefen fuska da hannu ɗaya. Tun kafin ya bar Narayi mutum huɗu suka ɗaga masa hannu. Ya yi kamar bai gani ba. Da ya hau babban titi ya rage gudu saboda wani rami, sai ya ji an buɗe ƙofar baya. Wata tsohuwa ce da kwandon kaji da awarwaro cike da hannu. Ta shigo ta zauna daram, ta rufo ƙofa da ƙarfi.

"Kasuwa, direba."

Ya waiga ya dube ta. Tsohuwa ta leƙa ta taga ta dubi jikin motar, ta goge man da ya shafar mata hannu a jikin kujera.

"Ɗana, kana da tsabtar jiki, amma ka bar motarka ta lalace. Ka nemi wani mutum a nan Narayi, Mista Nicholas. Duk garin nan an ce ba wanda ya kai shi sanin fenti." Ta gyara zaman kwandonta. "Sai dai ka aika wani ya tambayo maka. An ce ba ya magana da 'yan taksi."