Yaɓen da Na Yi wa Bangon Sani

Ko da zan manta abin da na ci jiya, ba zan taɓa manta abin da na yi wa bangon gidan ɗana Sani a Dubai ba. Ni da hannuna, ba wanda ya aike ni.

Bayan rasuwar maigidana Malam ne Sani ya ce in zo wajensu in huta. Hutu kuwa na sha shi har ya ishe ni. Gidan a unguwar Warsan yake, sabo, sama da ƙasa. Shi ya fice aiki da sassafe, matarsa Rukayya ta tafi asibitin da take aiki, a bar ni da na'urar sanyi tana ta gurnani. Wata biyu ban ji an yi sallama a ƙofa ba. Na gaida matar da ke maƙwabtaka da mu, ta yi mini murmushi ta maida ƙofa. Ban ga laifinta ba, da wane yare za ta amsa?

A ɗakina na ƙasa akwai tsaga a bango, ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace. An manna mata wasu 'yan robobi uku masu layi-layi, an rubuta lambobi da fensir a gefe. Ina karanta lamba (da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma na iya), sai dai ban san me ake nufi ba. Na ce a raina, ka ji 'yan boko, bango ya tsage sun ɗaura masa bandeji.

Ni kuwa a garinmu duk shekara kafin damina ni ke yaɓe ɗakina, har matan unguwa na zuwa kallo. Ga ni zaune ba aikin fari ba na baƙi, ga tsaga tana kallona ina kallonta. Ban san ranar da hannuna ya fara ƙaiƙayi ba.

Na samu ragowar siminti da fenti a sito. Na kwaɓa a robar wanki, na ɓamɓare bandejin nan da wuƙa, na cusa siminti da ɗan yatsa, na shafe da bayan cokali. Lambobin ma na goge. Kwana uku ina wannan aiki, kuma gaskiya tun da na sauka ƙasar nan ban ji daɗi irin na kwanakin nan ba, har waƙa na yi. Ban gaya wa kowa ba, so nake su gani da kansu su ce, kai, Inna!

Ba su gani ba. Wa ke shiga ɗakin tsohuwa?

Ran wata Asabar Sani ya ce, "Inna, yau masu duba gida za su zo." Baƙi! Na soya funkaso, na fito da dambun naman da na ɓoye tun daga gida, na sa atamfar Sallah (don mutum biyu da ba su san ina duniya ba).

Suka zo, wani Balarabe mai jar hula irin ta aiki da abokinsa riƙe da takardu. Kafin Sani ya buɗe baki na sha gabansu. "Ku zo ku gani," na ce, na kai su ɗaki, na tsaya gefen bango ina washe baki kamar wadda za a ɗauka hoto.

Balaraben ya dubi bango, ya dubi takardarsa, ya koma waje ya dubi lambar gida. Sani ya dafe kai.

"Inna, ina robobin da ke nan?"

"Suna nan, ai ba na zubar da kayan mutane." Na kawo su a faranti, na wanke su tas da sabulu.

Balaraben ya ɗaga ɗaya, ya ce, "Khalas." Wannan kam ba sai an fassara mini ba, magana ta ƙare ke nan.

Sani ya zaunar da ni a bakin gado, muryarsa ƙasa-ƙasa, ita ce ma ta fi ciwo. Ya ce kamfanin da ya gina gidan, doka ta ɗora masa alhakin ginin har shekara goma. In shafen sama ne ya tsage, matsalarmu ce. In harsashin gini ne ke motsi, su za su tona su gyara. Robobin nan su ke auna ko tsagar na buɗewa, wata huɗu ke nan ana bin su, yau za a yi karatun ƙarshe. Kuma a takarda an ce duk wanda ya taɓa wurin da kansa, kamfani na iya zare hannunsa.

"Ke nan shaidarka na shafe da cokali?"

"Ita, Inna. Me ya hana ki tambaye ni?"

Na ce, "Yaushe na gan ka zaune da zan tambaye ka?"

Ba da nufi na faɗa ba, fita ta yi. Balaraben dai yana ta rubutu. Funkaso ya huce a falo ba wanda ya taɓa.

Sati biyu Sani yana zarya ofishin kamfanin. Da ƙyar suka yarda a sake awo daga farko, da sharaɗin kada hannu ya ƙara zuwa wurin. Suka turo mutum da guduma ya fasa yaɓena a gabana. Ya sha wuya kafin yaɓen ya fita, wannan kam na lura.

Har yau ba a yanke hukunci ba, in kuma suka ƙi gyarawa na san wa za a tuna. Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan ko tsagar bango tana da masu ita da takardunta. Tsohuwa in ta rasa abin yi, ta nemi carbi, ta bar siminti.