Kabad ɗin Kakana Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, kuma ba don daɗin ranar ba. Har yau idan ta faɗo mini a rai, ko abinci nake ci sai na ajiye cokali.

Ni ɗan Gehuru ne, ɗan manomi, jikan manomi. Kakana Garba albasa ya noma har ya koma ga Allah, Baba ma ita yake nomawa, kuma ita ta yi mini karatu har na samu aikin koyarwa a wata babbar makaranta a Aliero. To, a can ne ciwon ya kama ni. Duk gidan abokin aikin da na shiga sai in tarar da abin gado a falo. Wannan ya nuna takobin kakansa, wancan hoton mahaifinsa da rawani. Shugaban sashenmu kuwa, wanda muke ce wa Dakta, yana da wani tsohon kabad na littattafai da ya ce tun zamanin kakansa yake gidansu. Idan yana magana yakan ɗora hannu a kansa kamar mai dafa kafaɗar amini. Ni me zan nuna? Fartanya?

Lokacin da muka kama haya a Jega, matata Hadiza tana da tsohon ciki, ta ce mu sa kafinta ya yi mana sabon kabad fari mai ƙyalli. Na ce mata ba ta san abin da duniya take ciki ba, yanzu tsohon kaya ake yayi. (Wannan ilimin a waya na samo shi, bai fi sati da shiga kaina ba.)

Na shiga nema kamar mai neman magani. Na koyi ƙwanƙwasa katako in saurari ƙararsa, na koyi leƙa baya don ganin ko gara ta yi gida, na koyi jan durowa a hankali ina ɗaure fuska irin ta masana. Wani kabad da aka nuna mini a Maiyama, ina ƙwanƙwasa shi sai ga gari yana zubowa a kan takalmina. Wani kuma warin manja da daddawa kawai yake yi. Har na fara fid da rai, sai aka kwatanta mini rumfar Malam Nomau mai tsoffin kaya, can bayan 'yan gwanjo a kasuwar Jega.

Ina shiga na gan shi. Dogo ne, ya fi ni tsawo, katakon maɗaci da ya yi duhu don tsufa, ƙofofin gilashi a sama, durowa a ƙasa, hannayensa na tagulla. Gilashi ɗaya ya tsage a kusurwa. Da na buɗe sai ƙamshin tsohuwar takarda ya buge ni.

Malam Nomau ya lura da yadda idona ya ƙi barin wurin. Ya ce, "Wanga ba na kowa da kowa ba na, Malam. Gidan wani tsohon alƙali na Maiyama anka ɗauko shi. Magada sunka rushe gidan za su yi shaguna."

(Daga baya na ji cewa wannan alƙalin shi ne mai gadon ƙarfen da ke rumfar, da agogon bango, da wata tsohuwar fanka. Da alama rabin rumfar nasa ne.)

Ban yi wani ciniki na kirki ba na saya. Kafin ya shiga falo sai da aka cire ƙyauren ƙofa. Hadiza ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallonsa, ta ce, "Wannan ai kamar makara ce aka jingina." Na yi kamar ban ji ba. Littattafaina gaba ɗaya ba su cika kanta biyu ba, don haka na je bakin masallaci na sayo tsoffin littattafan Larabci masu jar fata, waɗanda ko sunayensu sai na yi da gaske nake haɗawa, na jera su a sama.

Ƙaryar da ƙanƙanta ta fara. Maƙwabcina ya tambaye ni inda na samo shi, na ce, "Na gado ne." Na kuma lallashi kaina cewa ban yi ƙarya ba, ai gadon wasu ne. Amma bakin da ya ɗanɗana wannan bai tsaya nan ba.

Da Hadiza ta haihu, Baba ya kira ni ya ce abu ɗaya yake roƙo, a sa wa yaron sunan mahaifinsa, wato kakana Garba. Na ce an gama. Ranar suna ya zo tun da sassafe daga Gehuru da shi da 'yan'uwansa, aka raɗa suna, aka yi addu'a, suka zauna a tabarmi a ƙofar gida. Da hantsi ya yi sai ga Dakta da abokan aikina. Su kam ban bar su a tabarma ba, na ja su har falo, na zaunar da Dakta a kujerar da ke fuskantar kabad. (Tun ana gobe suna na gwada kujerun, na san wadda ta fi kyan kallo.)

Ai kuwa bai daɗe da zama ba ya miƙe, ya gyara tabarau, ya shafa katakon. Ya ce, "Kai, wannan ai dukiya ce. Ina ka samo shi?"

Na yi gyaran murya. Na ce, "Na kakana ne, ranka ya daɗe. Alƙali Garba. A Maiyama ya yi shari'a. Sunansa ma yaron ya ci."

Na ga yadda suka gyara zama, sai kaina ya ƙara girma. Na ce a wannan durowar yake ajiye hatiminsa. Na ce ba ya karɓar ko goro daga mai ƙara. Da wani ya nuna tsagar gilashin, nan take na ƙera mata tarihi: wani attajiri ne da shari'a ta kayar ya kai masa duka da sanda, Allah ya sa gilashin ya tare. Ina cikin kwatanta yadda sandar ta sauka, hannuna a sama, sai na lura ba ni suke kallo ba. Bayana suke kallo.

Na waiwaya. Baba ne a bakin ƙofa, ya cire takalmansa, yana riƙe da farantin goro da dabino da ya kawo don ya gaisa da baƙina. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Fuskarsa dai ta nuna bai rasa komai ba.

Dakta, mutumin kirki, ya rusuna har ƙasa. Ya ce, "Baba, ashe ku 'ya'yan alƙali ne! Allah ya jiƙan Alƙali Garba."

Baba ya kalli kabad ɗin daga sama har ƙasa, sannan ya kalle ni. Wallahi da ido na roƙe shi, irin roƙon da ban taɓa yi wa kowa ba. Ya ajiye farantin a hankali.

Ya ce, "Amin, na gode da addu'a. Amma ni ubana bai taɓa yanke ma kowa hukunci ba. Manomi na. Gehuru anka haife shi, nan anka rufe shi. Alƙalin ga kam sai ku tambayi Malam, shi yas san inda yas samo shi."

Malam. Tun da ya haife ni bai taɓa kirana da wannan ba.

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ai... ta wajen uwa nake nufi."

Baba ya ce, "Shi ko wancan maƙeri na."

Wani daga cikin abokan aikina ya yi ƙoƙarin mayar da dariyarsa tari, ta ƙi. Daga nan falon ya ɓarke. Dakta ne kaɗai bai yi dariya ba, ya ce, "To ai noma ma babbar sana'a ce," da muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Wannan ta fi dariyar ciwo.

Baba bai jira la'asar ba ya ce zai koma. Na ce in kai shi, ya ce a'a. Na bi shi a ƙasa har bakin titi ina ta haɗa maganganun da ba su da kai. Sai da mota ta tsaya ya juyo.

Ya ce, "Ba ƙaryar ta dame ni ba, yaro kan yi ƙarya. Na roƙe ka sunan ubana, ka ba ni sunan, kac canza mutumin. Mi yai maka?"

Ya shiga motar, ta tafi da shi.

A wurin aiki kafin sati ya zagayo sunana ya koma Jikan Alƙali. Idan mutum biyu suna musu a kan ƙwallo sai ka ji an ce a kira ni in yanke. Har ɗalibai sun ɗauka, wasunsu ma sun zaci sunan gidanmu ne. Na koma wurin Malam Nomau ya karɓi kayansa, ya ce shi ba ya karɓar abin da ya fita. Yanzu Hadiza ce take zuba kulolinta da kofuna a ciki, littattafan Larabcin kuma na kai su masallaci inda za a karanta su.

Baba yana zuwa gidana, ba mu ɓata ba. Yana ɗaukar jikansa, yana cin abincinmu. Amma falon nan bai sake taka shi ba. Duk yadda na yi, sai ya ce a shimfiɗa masa tabarma a waje, ya fi jin iska.

Kwanakin baya yaron, da ya fara wayo, ya tambaye ni wane irin mutum ne wanda aka sa masa sunansa. Na buɗe baki, sai na tarar na fi sanin alƙalin da na ƙirƙira a kan mutumin da ya haifi ubana. Ban san ko dogo ne ko gajere ba. Ban taɓa tambaya ba. Na ce masa ya bari sai kakansa ya zo.

Don haka duk mai sha'awar tsohon kabad, ga shawarar wanda ya sha wuya: ka saya, abu ne mai ƙarko, nawa har gobe ko motsi ba ya yi. Amma idan mai rumfa ya haɗa maka da kaka a matsayin gyara, ka ce masa ka gode, kana da naka a gida.