Safa a Cikin Injin Haƙar Kuɗi

Borghild Marie Tangen, ranar Asabar 9 ga Nuwamba, 2024, ta cika shekara uku tana zaune ita kaɗai a gidanta na tsibiri. Abokin zamanta shi ne injin haƙar kuɗin intanet da jikanta Eivind ya kafa a falo, domin zafinsa ya ɗumama gidan. Duk sa'ad da injin ya tsaya, wayar Eivind takan sanar da shi, sai ya biyo jirgin ruwa daga birni. Ranar ma haka aka yi. Yana isowa ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa masa.

"Lafiya lau, tunda ban mutu ba. Shigo, ɓarawon wuta, ka rufe mini ƙofa."

"Kaka, karo na huɗu ke nan cikin wata biyu. Dubban injuna a duniya suna riƙe da littafin lissafi guda, kowa na tantance aikin kowa, ba banki, ba shugaba. Duk cikinsu na gidan nan ne kaɗai mai suma."

"Gado ya yi. Kai ma haka kake sumewa in an ce ka faskara itace."

Eivind ya durƙusa, ya kwance murfin injin, ya zaro safar ulu daga bakin fanka.

"Wannan fa?"

"Ta kakanka ce. Sanyi take ji."

"Kakana da ya rasu shekara uku?"

"Shi ya sa take jin sanyin, ja'iri."

"Tsohuwa, ke ce kike toshe masa numfashi! To, dama ɗauke shi na zo yi. Tun da aka rage ladan haƙa da rabi, abin da yake samu bai kai kuɗin wutarsa ba. Na sayo miki hitar ɗumama ɗaki. Ba ƙara, ba lalacewa."

"Ba lalacewa?"

"Har abada."

Borghild ta ajiye butar kofi.

"Kuɗin da ba a taɓawa, jikan da ba a gani. Kai da kuɗin naka uwarku ɗaya."

"Haba, Kaka, ai ina kiranki."

"A Kirsimeti. Wannan ƙarfen in ya yi shiru minti biyar, sai ka taso har da gudu. Ni na yi shiru wata takwas kafin a kawo shi, ko tari ba ka yi ba."

Eivind ya sunkuyar da kai, safar tana hannunsa. Can sai ya yi dariya, ya kunna injin, ƙugin ya sake cika falon.

"Kin ci, tsohuwar 'yar damfara. Wannan gyaran ya fi ƙarfin yini ɗaya. Sai Asabar mai zuwa."

"Ka ce ba riba."

"Ki soya waina da yawa, mu rage asara."

Jirgin ruwa na ƙarfe huɗun yamma ya tafi da shi. Murfin injin yana nan jingine da bango, kusoshinsa huɗu cikin kofi a kan tebur, ba a ɗaura ko ɗaya ba.