Keken Pak Wiryawan Mai Komawa Jiya

Duk garin Semarang babu mai ƙwaƙwalwar Pak Wiryawan, tsohon shugaban makarantarmu. Da bakinsa ya gaya mana, kuma ba mu taɓa jin ya yi ƙarya a kan kansa ba. Da ya yi ritaya sai ya rubuta littafi a kan wani keke mai ƙafa uku da ke mayar da mutum shekarun baya. Mu 'yan teburin shayinsa muka naɗa shi Sarkin Jiya da Gobe, ya karɓi sarautar ba musu.

Jarumin littafin shugaban makaranta ne, kyakkyawa, mai gashin baki irin na marubucin sak. An ba shi keken da zai kai shi zamanin da ya ga dama. Bai je ya hana yaƙi ba, bai je ya gargaɗi mutane kan ambaliya ba. Kai tsaye ya koma samartakarsa, ya auri Ningsih mai sayar da furanni, ya rabu da mitar matarsa ta babin farko.

"Turawa sun yi ƙoƙari," in ji Pak Wiryawan, "amma lokaci sai ni ya buɗe wa cikinsa."

Ranar ƙaddamarwa ni, Gunadi, aka ɗora wa sharhi, don na taɓa koyar da adabi kuma ban bar kowa ya manta ba. Matar marubucin, Bu Lastri, ta dafa shinkafa da madarar kwakwa, ta zauna a layin gaba.

Na gyara tabarau na fara da ƙarfin littafin. Na ce Ningsih tana numfashi a kan takarda, kai ka rantse marubucin ya shekara arba'in yana mafarkinta. Na ji ɗakin ya yi tsit, na ɗauka fasahata ce ta kama su. Sai na shiga rauninsa. Na ce yadda keken ke aiki ba a bayyana ba, amma babban aibin shi ne matar nan ta babin farko. Ba ta da aiki sai girki da ƙorafin ciwon gwiwa. Da ni ne, da na cire ta gaba ɗaya.

Bu Lastri ta miƙe a hankali, tana dafe da gwiwa.

"Pak Gunadi, ka yi gaskiya," ta ce. "Baban yara, a bugu na biyu ka ɗauki shawarar malam."

Da la'asar ta hau motar garin Salatiga zuwa gidan ƙanwarta, har da tukwanenta.

Sarkin Jiya da Gobe ya ce ba komai, manyan marubuta duk sun sha haka. Ya sa ni na nemo adireshin Ningsih ta gaskiya, na kai mata littafin da sa hannunsa. Na same ta tana yi wa jikarta kitso. Ta juya littafin gaba da baya, ta daɗe tana kallon hoton marubucin da ke bangon littafin.

"Wiryawan," ta ce. "Ɗan wane gida ne?"