Na Tuba Daga Giyar Da Ban Taɓa Sha Ba

Jama'a, ku taya ni murna, na daina shan giya! Yau kwana uku ke nan. Saura kawai a gaya mini ranar da na fara.

Wani Oladipo ne, ɗan kamfanin inshora, ya tare ni a Samaru, ya ce in yi inshorar rai don in na mutu yarana su ci gaba da makaranta. Sharaɗi ɗaya, sai likitansu ya auna jinina. Da Goggo, yayar babana, ta ji za a yi wa jinina jarrabawa, ta rantse gidanmu ba zai faɗi ba. Mako biyu tana ɗura mini jiƙon sassaƙe safe da yamma. Maƙwabcina Albert ya ƙara mini da ƙwayoyin kemis, ja da rawaya, wai na wanke jini.

Da sakamako ya fito na hau keke har ofishinsu a Sabon Gari. Aka shigar da ni gaban shugaban ofishin, Mai Girma Sarkin Hantar Talakawa, yana ƙarƙashin fanka, tumbi ya hana shi matsowa kusa da tebur.

"Malam, gwaji ya nuna hantarka ta taɓu," in ji shi. "Kwalba nawa a rana?"

"Ranka ya daɗe, ko warin burkutu ban sani ba. Jiƙo ne Goggo ta..."

"Babu gurbin jiƙo a fom ɗinmu. Gurbi biyu ne: yana sha, ko ya daina."

Kun ji ilimi! Bai taɓa ganina ba, amma ya fi ni sanin cikina. Raina ya ɓaci ƙwarai, sunana ne fa za a ɓata. Sai na tuna yarana huɗu, na dangwala hannu a "ya daina". Wai kuma sai dattijon unguwa ya yi shaida. Haka na kai wa limaminmu takardar, na fassara masa.

Liman ya rungume ni, har da hawaye. "Ɗanmalam, ashe abin da kake fama da shi ke nan a ɓoye? Allah ya karɓi tuba!"

Kafin la'asar Samaru ta ɗauka. Surukata ta aiko da dambu a kwano sabo, masu zuwa barka har layi suke yi a zaure.

Shekara arba'in da ɗaya ban sa giya a baki ba, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Yanzu kuwa in na shiga masallaci, sahun gaba ake buɗa mini. Allah ya ja zamanin kamfani.